Haƙorana Biyu da Wayar Baba

Haƙorana biyu na gaba ba su shawarci kowa ba da za su fito. Na yi famfara ina 'yar shekara bakwai, sababbin suka zo manya-manya, maimakon su sauka ƙasa kamar na 'ya'yan mutane sai suka miƙe waje. Leɓena na sama ya yi ta fama ya rufe su har ya gaji ya ƙyale. Ko na yi shiru sai a ɗauka murmushi nake yi. An taɓa dungure mini kai a gidan rasuwa, wai mutane suna kuka ni ina dariya, alhali wallahi ni ma kukan nake yi.

A Ƙofar Dumi aka haife ni, a wani lungu da jaki mai mangala ba ya wucewa sai ya goga bango. Yaran lungun suka sa mini suna zomo. Taubasaina da ke zuwa daga ƙauyen Inkil bayan girbi ba su tsaya nan ba, har ganyen wake suke tsinko mini a hanya, su durƙusa su ajiye a gabana su ce ga abincin rana. In na kai ƙara sai Inna ta ce wasan taubashi ne, ba a fushi da shi. Ni dai ina fushi, kuma ina shiga bayan rumbu in yi kukana inda ba mai gani.

Baba maƙerin fari ne. Ba ya ƙera fartanya ko gatari, aikinsa azurfa da tagulla: zobe, mundaye, 'yan kunne, da siririyar sarƙar nan da sai mai haƙuri yake iya haɗa ta. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, uwata yake ce mini. Mutum ne marar yawan magana, kuma ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. In ya ga hannun cokali ya lanƙwashe sai ya ɗauka ya miƙe shi ba wanda ya sa shi. Mutum irin wannan Allah ya ba 'ya mai haƙora irin nawa. Ban taɓa jin ya yi magana a kansu ba, amma na sha ɗago kai in tarar yana kallon bakina, ina kallonsa sai ya koma kan aikinsa.

Ina aji uku a makarantar 'yan mata aka kira shi barikin Turawa ya gyara hannun wata butar shayi ta azurfa. A can ya ga 'yar maigidan, wadda ta zo hutu daga ƙasarsu, da waya ɗaure a haƙoranta. Ya ɗauka wani camfi ne nasu. Kukun gidan ya ce masa a'a, haƙoranta ne suka turo waje, likitan garinsu ya sa mata wayar tana jan su ciki kaɗan-kaɗan. Daga baya Baba ya faɗa mana da bakinsa cewa gyaran wuni ɗaya ne, amma sai da ya ja shi kwana uku don ya ƙara ganin bakin yarinyar nan.

Ranar da ya gama ya kira ni tsakar gida, inda haske ya fi na zaure.

"Uwata, buɗe bakinki in gani."

Ya ɗumama kakin zuma ya sa na ciza, ya ɗauki siffar haƙorana kamar yadda yake ɗaukar girman yatsa in zai yi zobe. Inna tana tankaɗe a gefe, ta ajiye rariya.

"Malam, baki fa ba munduwa ba ne. Haka Allah ya halicce ta."

"Ƙafar da ta goce ma Allah ne ya yi ta," in ji shi, "amma ana kai ta wurin maɗori."

Inna ta sake ɗaukar rariyarta. Ta san in ya sa abu a ransa ba ya fita, sai ta ce, "To, ka ji ni da kyau. Ranar da na ga jini a bakin yarinyar nan, an gama ke nan."

Ya narka wata tsohuwar azurfa, ya yi ta jan ta ta cikin ƙarfe mai huji-huji har ta koma siririya kamar zaren ɗinki. Ya lanƙwasa ta a kan kakin, ya yi mata ƙugiya biyu da suka kama turamena na baya, ta zagayo ta gaban haƙoran. Kowace Juma'a da hantsi, kafin ya yi wankan masallaci, sai ya zaunar da ni a kan turmi, ya riƙe haɓata da hannun hagu, ya ɗan murɗa wayar da hantsaki. Murɗa ɗaya tak. Hannunsa yana ƙamshin gawayi da tsamiyar da yake wanke azurfa da ita.

"Da zafi?"

"Babu."

"Ƙarya kike yi, uwata."

Da zafi kam. Duk Asabar ba na iya tauna ko da tuwo ne, sai Inna ta dama mini kunu tana mita. Amma ban taɓa son wata rana kamar yadda na so Juma'o'in nan ba. A gidanmu uba ba ya zama da 'yarsa su yi hira, ni kuwa ga ni na samu Baba ni kaɗai, fuskarsa dab da tawa, duk hankalinsa a kaina.

Abin mamaki, wayar ta yi aiki. Shekara ba ta zagayo ba sai ga leɓɓana sun haɗu ba tare da na matse su ba. Matan lungu suka riƙa shigowa da sunan aron wuta, su ce in buɗe baki su gani, su tafa hannu su yi salati. Labari ya kai har Ƙofar Wambai, wani ɗan kasuwa ya zo da kansa yana roƙo a gyara wa 'yarsa. Baba ya ce shi ba likita ba ne, tasa 'yar kawai ya taɓa. Amma na ga yadda yake amsa gaisuwa a kwanakin nan, ya ji daɗi ƙwarai. Ana saura kwana kaɗan Sallah ya cire wayar, ya ce aiki ya ƙare. Wata uku na yi ina dariya ga abin dariya da wanda ba na dariya ba. Har Inna ta bar ni na ɗan goga furen taba da goro a haƙorana sau ɗaya, na wuni a gaban madubinta.

Ba wanda ya gaya wa Baba cewa Turawan, bayan sun cire wayar, suna sa wani abu da zai riƙe haƙoran a sabon wurinsu har su zauna. Kukun bai sani ba balle ya faɗa. Ni kaina sai da na yi jika, na raka ta wurin likitan haƙori, sannan na ji wannan magana, ina zaune a bencin asibitin. Haƙorana suka fara komawa a hankali, yadda ba ka ganewa sai ka kwana biyu ba ka ga mutum ba. Kafin damina ta wuce sun fito kamar da, kuma wannan karon suka rabu, kowanne ya kalli gabansa. Ba irin wushiryar da ake yabo ba ce. Yara suka ce zomo ya dawo daga tafiya. Ya fi na farko ciwo nesa ba kusa ba, domin yanzu na san yadda ake ji in an rabu da shi.

Baba ya yi kwanaki yana juya abin a ransa, sannan wata rana ya kira mu ni da Inna, ya ɗauko wani guntun ƙarfe ya lanƙwasa a gabanmu ya saki. Ƙarfen ya ɗan koma.

"Kun gani? Laifina ne. In ka kai ƙarfe daidai inda kake so ka saki, komawa zai yi. Sai ka wuce da shi, in ka saki ya dawo ya tsaya daidai."

Gaskiya ya faɗa a kan ƙarfe, shekara talatin yana ganin haka da idonsa. Sai ya yi sabuwar waya mai ɗan kauri, ya riƙa murɗa biyu maimakon ɗaya. Don ya haɗe haƙoran da suka rabu kuma, ya samo tsohuwar robar cikin tayar keke, ya huda ya yanko ɗan ƙaramin zobe, ya buɗa shi ya sarƙafa a haƙoran biyu. Kowace Juma'a sai ya zaro tsohuwar robar da tsinin allura ya sa sabuwa. Ya riƙe kunnena, da wasa amma ba da wasa ba, ya ce, "Kada ki taɓa ta. In kin ji ta motsa ki zo ki gaya mini."

Ana haka shekara ta juyo, aka shiga ta 'yancin kai. Tun farkon damina aka fara koya mana waƙar da za mu yi a filin taro, kuma da yake Allah ya ba ni murya, malamarmu ta sa ni a layin gaba. Wayar azurfa ba ta dame ni ba, ƙyalli take yi, wasu ma suna sha'awarta. Robar ce baƙa ƙirin a tsakiyar fararen haƙora. Yarinyar da ke tsaye kusa da ni ta leƙa bakina muna cikin waƙa ta ce, "Ke, kashin ɓera ne ya maƙale miki?" Layin gaba duka ya fashe da dariya.

Daga ranar, in za a fara koyon waƙa sai in sa farce in tura robar sama, can kusa da dasashi inda leɓe yake rufewa. In an tashi sai in jawo ta ƙasa in tafi gida kamar ban yi komai ba. Na yi haka ya fi sau goma ba abin da ya faru. Wata Laraba na tura ta, aka gama waƙa na sa farce zan jawo, ban same ta ba. Na ruga gida na ɗauki madubin Inna na shiga bayan rumbu. Babu roba, sai wani siririn jan layi a bakin dasashi, da wani matsi da nake ji can ciki. Na tona da tsinke har hawaye ya zubo mini. Robar ta shige cikin dasashi.

Ranar Juma'a Baba ya zaunar da ni a kan turmi, ya ɗaga leɓena, allura a hannunsa.

"Ina robar?"

Inna tana nan kusa tana tsince shinkafa. Na tuna abin da ta ce game da jini. Na san in na faɗi gaskiya za a tona, jini zai fito, a cire komai, in koma zomo har abada, a kuma san cewa na taɓa abin da aka ce kada in taɓa. Duk wannan ya wuce a kaina kafin in haɗiye yawu.

"Ta tsinke, Baba. Na tofar da ita a hanyar makaranta."

Ya ɗan dube ni, sannan ya ce robar ce ta tsufa, ya yanko sabuwa ya sa.

Makonnin farko har na yi murna. Haƙoran suka haɗe da sauri, Baba ya ce wa Inna, "Kin gani ko?" Daga nan suka fara tsawo. Dasashina ya kumbura ya yi ja, in na yi asuwaki sai in ga jini, sai na riƙa jefa asuwakin bayan katanga. Bakina ya fara wari, yarinyar da ke kusa da ni ta koma kau da kai in muna waƙa. Da safe wata rana Inna tana kakkaɓe shimfiɗata ta ga jini a matashi. Ba ta yi faɗa ba, ta kai wa Baba matashin har zaure ta ajiye a gabansa. Kafin azahar ya cire waya da roba da hannunsa.

Kowa ya ɗauka abin zai lafa, tunda an cire abin da ke ja. Ni kaɗai na san ba a cire ba. Aka yi ta ba ni ruwan bagaruwa in kuskure, aka sa kanumfari, aka gasa da gishiri. Aka kira wanzami ya tsaga kumburin ya matse mugunya, ya ce nan da kwana uku za a ga sauƙi. Haƙoran suka fara girgiɗi, in na taɓa su da harshe sai su motsa. Kullum in na tashi sai in ce yau zan faɗa, kullum kuma faɗin yana ƙara nauyi, domin jiya ban faɗa ba. Na koma roƙon Allah a sujada ya narkar da robar nan a cikin namana. Tsoro nake ji, ba na ciwon ba, na fuskar Baba in ya ji.

Ranar da aka yi bikin 'yancin kai ina kwance a ɗakin Inna, leɓena ya kumbura har ya taɓa hancina. Gari ya ɗauki kiɗa tun da hantsi. An ba wata wurina a layin gaba. Yaran lungu suka dawo da 'yan tutoci suna ta ihu a ƙofar gida. Baba bai fita ba, ya wuni a zaure ko wuta bai hura ba.

Bayan 'yan kwanaki ya ɗora ni a bayan kekensa ya kai ni asibiti. Likitan Bature ne, wani malamin asibiti yana yi masa tafinta. Cire haƙoran bai ɗauki lokaci ba, kusan da kansu suka fito. Likitan ya ƙara leƙawa, ya sa wani siririn hantsaki can sama, ya zaro baƙin zoben roba ya ajiye a farar tasa kusa da haƙoran. Ya yi magana mai tsawo da ɗaga murya. Malamin asibitin ya taƙaita, ina jin don ganin girman Baba, ya ce, "Likita yana tambaya wa ya sa mata wannan."

"Ni ne," in ji Baba.

Da za mu koma bai hau keken ba, ya zaunar da ni a baya yana turawa. Bakina cike da auduga. Sai da muka kusa shiga unguwa ya tsaya a gindin wata bishiya, bai juyo ba, ya ce, "Idona ne, uwata. Wata Juma'ar na ɗora sabuwa ban cire tsohuwa ba. Ban gan ta ba."

Na daɗe ina ba kaina uzuri da audugar nan, wai da bakina a sake yake da na yi magana. Amma kafin magariba aka cire audugar, Baba kuwa ya rayu shekaru masu yawa bayan haka.

Daga wannan makon ya daina aikin siriri. Duk wanda ya kawo sarƙa ko 'yan kunne sai ya ce idonsa ya mutu, a kai wa wani. Ya koma liƙin fitila da toshe ɓular tasa, aikin da a da yake bai wa masu koyo. Mutanen da suka yi ta yabonsa suka koma nuna shi da baki, maƙerin da ya zubar wa 'yarsa haƙora. In faɗa ya haɗa shi da Inna, sai ta goranta masa haƙorana, shi kuwa sai ya tashi ya fita. Duk a kunnena. Ya daina kallon bakina, in ina yi masa magana sai ya kalli kafaɗata ko ƙasa. Ni kuma na koyi rufe baki da bakin mayafi, shi yana ɗauka don giɓin ne, ko don ina jin haushinsa.

Na gama makaranta, na zama malama, aka tura ni wani gari. Da na samu hali na je Jos aka yi mini haƙoran roba guda biyu, farare, a jere kamar an auna. Na zo gida da ɗoki, na durƙusa na gaishe shi na yi murmushi da gangan. Ya duba sau ɗaya ya ce, "Sun yi kyau. Wanda ya yi su ya iya aiki." Ya tashi ya ɗauki buta ya fita, alhali lokacin salla da saura. Na yi niyyar gaya masa a wannan zuwan, na kasa. Na sake yin niyya da aka yi sunan ɗana na fari, na same shi shi kaɗai a zaure, na ce, "Baba," ya ce, "Na'am, uwata," sai na ji bakina yana tambayarsa ko a kawo masa fura.

Da aka aiko cewa jikinsa ya yi tsanani, na shiga mota ina shirya maganar tun daga tasha. Na jera ta kalma bayan kalma: waƙa, farce, Laraba, ƙaryar da na yi a kan turmi. Na yi wa kaina rantsuwa cewa wannan karon ko da mutum ɗari ne a ɗakin sai na faɗa.

Na iso bayan la'asar. Inna tana zaune a gefensa, ƙanensa yana ta wajen kansa yana masa fifita. Ya rame har na kusa kasa gane shi, amma hankalinsa garau. Ashe tun safe yake kiran mutanen gida ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara, kamar yadda ake yi, ni kaɗai ta rage. Na durƙusa, ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Uwata, kin zo."

"Na zo, Baba. Akwai maganar da..."

"Bari in riga ki, numfashina kaɗan ne." Ya huta. "Haƙoranki. Na cuce ki da hannuna. Ki yafe mini."

Maganar tana nan a bakina yadda na jera ta. Idonsa a kaina yana jira, kamar mai tsoron abin da zan ce. Ƙanensa ya ce, "Amsa masa mana, 'yata, kada ki bar shi yana jira."

"Na yafe, Baba."

Ya ce alhamdu lillahi har sau uku. Na ga fuskarsa ta saki, irin sakin da ban gani ba tun ina yarinya. Na san in na yi magana yanzu zan ƙwace masa abin da ya yi shekaru yana jira, ko kuwa dai tsoron nan nawa ne ya sake samun mafaka, har yau ban iya rabewa ba. Abin da na iya kawai shi ne abin da kowa yake faɗa a irin wannan wuri. Na sunkuya ina kuka na ce, "Ni ma ka yafe mini, Baba. Don Allah ka yafe mini."

Ya ɗan matse hannuna, har ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Ke kuma? Me kika taɓa yi mini, uwata? Ba ki taɓa yi mini komai ba."

Ya rasu bayan kwana biyu, ina gidan, ban ƙara cewa komai ba.